Alluran da ake cewa suna tayar da sinadarin girma: ipamorelin, CJC, sermorelin, wacce ta fi?

Dan Kurna:
Assalamu alaikum jama'ar gidan nan. Dan Allah masana ku taimaka min. Shekara 2 kenan ina ɗaga ƙarfe, da farko jiki ya taso amma yanzu kusan wata 6 ya tsaya cak, hannu baya ƙaruwa ƙirji baya ƙaruwa. To akwai wani da muke jim ɗaya ya dawo daga waje da wasu 'yan kwalabe masu farin gari a ciki, yace min ba sitiroyid bane feftaid ne, wai basa zuba maka homon daga waje, jikinka suke tayarwa ya fitar da nasa sinadarin girman da kansa, saboda haka wai basu da illa. Sunayen da ya turo min sune sermorelin, ipamorelin, CJC-1295 wai kala 2 ce mai DAC da marar DAC, sai GHRP-6 da GHRP-2, da wata ƙwaya MK-677. Wlh kaina ya ɗaure. Menene bambancinsu kuma wacce ta fi? Kuɗin ba kaɗan bane, bana so in zubar a banza

Sadiq Ƙarfe:
Wa alaikumus salam. Ni na taɓa yin GHRP-6 kusan wata 2, bari in faɗa maka abinda na gani da idona. Minti 20 zuwa 30 bayan allura wata irin yunwa take taso maka wacce baka taɓa jin irinta ba, ba yunwar azumi bace, wannan har hannunka rawa yake. Ƙarfe 12 na dare zaka ganni wajen mai shayi, biredi da ƙwai da indomi. Na ƙaru kilo 5, kowa a jim yana cewa Sadiq ka cika, amma da safe yatsuna a kumbure, zoben azurfa na ya daina shiga, hannun dama yana min kamar ana tsira allura cikin dare. Da na daina, sati 3 kacal kusan komai ya zube sai tumbi ya rage. Nauyin da nake ɗagawa kuwa bai wani canza ba

Bash Istanbul:
Sadiq ai kai tsohon yayi ka ɗauka, GHRP-6 tun na shekarun 1980 ne, yanzu waye yake yinsa. Dan Kurna ka saurare ni, abin ba wuya. Ƙofa 2 ce ake ƙwanƙwasawa. Sermorelin da CJC ƙofa ɗaya suke bi, ipamorelin da su GHRP ɗaya ƙofar. Shi yasa anan kowa haɗawa yake, ɗaya daga nan ɗaya daga can, sai fitowar homon ɗin ta ninka. Ipamorelin ita ce mai tsafta, bata sa yunwa irin ta Sadiq

Hajiya Famasi:
Maganar ƙofa 2 da Bash ya yi gaskiya ce, amma bari in shimfiɗa ta yadda kowa zai gane kafin a kai ga wacce ta fi.

A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan ƙullutu bai wuce ƙwayar wake ba, fituwitari, shi ke yin sinadarin girma. Kuma ba kamar famfo yake zubo shi ba, bugu-bugu yake sakinsa, mafi girman bugun yana zuwa ne da dare bayan mutum ya yi nisa a barci. Akwai masu ba shi umarni. Na farko GHRH, daga ƙwaƙwalwa yake saukowa yace saki. Na biyu somatostatin, shi birki ne, yace tsaya. Na uku ghrelin, daga tumbi yake fitowa lokacin da ciki ba komai, shi ne sinadarin yunwa, kuma shi ma yana cewa saki amma ta wata ƙofar daban.

To duk kwalaben nan kwaikwayo ne. Sermorelin, CJC-1295 da tesamorelin kwaikwayon GHRH ne. Shi GHRH na jiki amino asid 44 ne a jere, wato tubalan da ake gina furotin da su, irin wannan gajeren jerin shi ake kira feftaid, sai aka gano guda 29 na farko sun isa su yi aikin, waɗannan 29 ɗin su ne sermorelin. Matsalarta jini yana cinye ta nan da nan, cikin minti 10 zuwa 12 rabinta ya tafi. Su kuma GHRP-6, GHRP-2, hexarelin da ipamorelin ƙofar ghrelin suke bi. Kun ga yunwar Sadiq ba abin mamaki bane, ƙofar yunwa ya ƙwanƙwasa da allura. Abin sha'awa ma shi ne an ƙirƙiri GHRP-6 tun kafin a san akwai ghrelin, wani likita Cyril Bowers a jami'ar Tulane ta Amurka ya fito da shi a 1984, sai a 1999 masu bincike a Japan, Kojima da Kangawa, suka gano ghrelin ɗin kansa. Wato an ƙera makulli shekara 15 kafin a ga makullin asali

Dan Kurna:
Allah ya saka Hajiya, yanzu na fara gani. To ita DAC ɗin fa menene?

Hajiya Famasi:
DAC wani ɗan ƙugiya ne aka liƙa wa maganin, idan ya shiga jini sai ya maƙale a jikin albumin, wani furotin da ke yawo a jini, sai jiki ya kasa cinye shi da wuri. Maimakon mintuna sai ya kai kwana 6 zuwa 8 kafin rabinsa ya tafi. Wani kamfani a Kanada, ConjuChem, shi ya ƙera. Wanda 'yan kasuwa ke kira CJC marar DAC kuwa asali ba CJC-1295 bane, sermorelin ce aka canza mata amino asid 4 don ta ɗan ƙara jimawa, sunan kawai suka ara saboda ya fi shiga kasuwa.

Kuma ka lura da wannan ƙanena, maganin da ke kwana 8 a jini idan bai karɓe ka ba babu yadda za ka yi ka cire shi, sai dai ka jira

Bash Istanbul:
Amma Hajiya ki faɗi ɗaya ɓangaren mana. An gwada CJC a jikin mutane lafiyayyu an buga a 2006, allura 1 tak ta ɗaga sinadarin girma ninki 2 zuwa 10 na kwana 6, IGF-1 kuma, wato sinadarin da hanta ke yi idan sinadarin girma ya iso mata, ya tashi ninki 1.5 zuwa 3 har kwana 9 zuwa 11. Wannan ba labarin jim bane, bincike ne

Dakta Na Zariya:
Salamu alaikum. Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba, amma Bash ya kawo mu daidai inda ya kamata a tsaya. Alƙaluman da ka kawo daidai ne, ban musa ko ɗaya ba. Tambayata ita ce me aka auna a binciken? Jini aka auna. Ba a auna damtse ba, ba a auna nawa mutum ke ɗagawa ba. Dan Kurna kuwa ba lambar jini yake nema ba, ƙirji da hannu yake nema.

Kuma ka ƙarasa labarin. A wannan shekarar ta 2006 ana cikin gwada CJC-1295 ga masu HIV da kitse ya taru musu a ciki, sai mutum 1 cikin masu gwajin ya rasu, aka dakatar. Likitan da ke duba shi ya ce yana ganin ciwon jijiyoyin zuciya ne da yake da shi a ɓoye ba maganin ba, wannan dole a faɗa don adalci. Amma daga nan ba a kai maganin ga rajista ba, har yau babu hukumar magani da ta amince da shi.

Ipamorelin da kake cewa mai tsafta, Novo Nordisk ne suka ƙera ta, aka buga a 1998, kuma tsaftar da ake magana ita ce bata ɗaga cortisol, sinadarin da jiki ke fitarwa lokacin damuwa, kamar yadda GHRP-6 da GHRP-2 suke yi. A jikin aladu aka nuna hakan. Gwajin da aka yi mata a asibiti ba na tsoka bane sam, na mutanen da aka yi wa aikin hanji ne cikinsu ya ƙi motsi, sama da mutum 100, kuma bata nuna bambancin kirki tsakaninta da allurar da ba magani a ciki ba. Nan ta tsaya

Bash Istanbul:
Dakta ranka ya daɗe, rashin bincike ai ba shi ne rashin aiki ba. Kamfani ba zai kashe miliyoyin dala ya gwada abu a kan 'yan jim ba. Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma dubban mutane sun gwada suna bada labari. Sannan ga tesamorelin, FDA, hukumar magunguna ta Amurka, ta amince da ita, ai 'yar gida ɗaya ce da CJC

Dakta Na Zariya:
Madalla da ka kawo tesamorelin, don ita ce kaɗai a cikin dangin nan da ke da rajista a matsayin maganin da ake rubuta wa babba ya riƙa yi a Amurka. Sunanta na kasuwa Egrifta, an amince da ita a 2010, kuma ga mutane kala ɗaya tak, masu HIV da kitse ya taru musu can cikin ciki tsakanin hanji. A babban gwajin da aka yi da mutum 412 kitsen ya ragu da kusan kashi 15 cikin 100 a sati 26. Wannan aiki ne na gaske. Amma da aka tsayar da maganin kitsen ya dawo. Kuma takardar maganin da kanta ta ce ba na rage nauyi bane, ta hana mai ciki, ta hana mai ciwon daji, ta ce a riƙa auna suga da IGF-1.

To ka duba, wacce aka fi sani a cikinsu, aka gwada ta a ɗaruruwan mutane, ita ce ta zo da doguwar takardar gargaɗi. Waɗanda ake cewa basu da illa kuwa su ne ba a yi musu irin wannan binciken ba. Rashin takardar gargaɗi a kwalbar ipamorelin ba shaidar lafiya bace, babu wanda ya zauna ya rubuta ne.

Kan maganar tsoka kuma ba a duhu muke ba. Shi kansa sinadarin girman, wanda ya fi duk waɗannan ƙarfi tunda kai tsaye ake zuba shi, an gwada shi ga matasa masu motsa jiki a Ostareliya, mutum 96, aka buga a 2010. Nauyin jiki wanda ba kitse ba ya ƙaru, amma mafi yawansa ruwa ne ya taru. Ƙarfin ɗaga nauyi bai ƙaru ba, juriya bata ƙaru ba. Idan uban gayya bai ƙara ƙarfi ba, ɗan aiken da ke zuwa ya taso shi fa? Abinda Sadiq ya gani kenan, kilo 5 da yatsu a kumbure, ana yi wa rogo kallon kitse

Sadiq Ƙarfe:
Wallahi Dakta kamar kana wajen. Shi tsirar da nake ji a hannu fa meye?

Dakta Na Zariya:
Ruwan ne. Akwai wata 'yar hanya matsattsiya a wuyan hannu da jijiya ke bi ta ciki, idan wajen ya kumbura sai ya danne ta, babban yatsa da na kusa da shi su riƙa mutuwa musamman da dare. Muna ganinsa sosai ga masu akromegali, ciwon da ƙari ke fitowa a fituwitari ya riƙa zubo sinadarin girma ba tsayawa. Hannu da ƙafa su yi girma, haɓa ta fito, harshe ya yi kauri, suga ya hau, hawan jini, zuciya ta faɗaɗa. Ban ce allurar wata 2 za ta kai ka can ba, amma hanyar ɗaya ce, kuma jikinka ya nuna maka alamar farko. Gara da ka daina

Koci Idi:
Ni tambayata daban. Ina da yara a ƙungiya 'yan shekara 17 zuwa 20, wasunsu muna fatan su samu fita gwaji waje. Na ji ɗaya yana maganar irin wannan allurar wai ba a ganinta a fitsari. Kuma idan bata aiki kamar yadda Dakta yace me yasa ake hanawa?

Bash Istanbul:
Yauwa Koci, tambayar da nake shirin yi kenan

Dakta Na Zariya:
A binciken Ostareliya ɗin nan abu 1 ya ƙaru, gudun ɗan gajeren zango, da kusan kashi 4 cikin 100, kuma ya koma yadda yake bayan sati 6 da dainawa. Ga mai tseren mita 100 wannan ba ƙaramin abu bane. Sannan hukumar WADA, mai yaƙi da shan abubuwan ƙara kuzari a wasanni ta duniya, ba sai an tabbatar abu yana aiki take hana shi ba, ya isa ace zai iya ƙara ƙwazo kuma yana da haɗari ga lafiya.

Malam Idi ka ja kunnen yaron nan da kyau. Duk sunayen da aka lissafa a nan har da MK-677 suna cikin jerin WADA, sashe na S2, haramun ne ko ana gasa ko ba a yi. Kuma ana gano su GHRP da ipamorelin a fitsari, ɗakunan gwaji sun daɗe da iya wannan. Hukuncin mai yi da gangan yana kai shekara 4. A can Ostareliya ɗin ma 'yan wasan rugbi na ƙungiyar Cronulla an yi musu CJC-1295 da GHRP-6 a 2011, a 2014 da yawansu suka karɓi dakatarwa, bayan shekara 3 abin ya biyo su

Koci Idi:
Innalillahi. Gobe kafin tirenin zan tara su gaba ɗaya

Maman Ilham:
Ku yi haƙuri in shigo da tawa, tun ɗazu zuciyata ke kan wannan. Yarona shekararsa 11 amma duk wanda ya gan shi sai yace 7 ko 8, ƙanwarsa ta kamo shi har ta ɗan wuce, a makaranta ana tsokanarsa yana dawowa yana kuka. Wata a unguwarmu tace akwai allurar tsawo irin wacce aka yi wa Messi. Dakta cikin waɗannan wacce ce ta yara? Ko nawa ne zan nema

Dakta Na Zariya:
Maman Ilham Allah ya raya shi. Ki saurare ni da kyau, kar ki bari kowa ya tsira wa yaron nan ko ɗaya daga cikin kwalaben nan.

Messi an auna shi ne aka tabbatar jikinsa baya yin isasshen sinadarin, kuma abinda aka ba shi sinadarin girman ne kansa a hannun likitoci na tsawon shekaru, ba waɗannan ba. Sermorelin an taɓa yi mata rajista don yara a Amurka a 1997 da sunan Geref, kamfanin ya daina yinta a 2008. Kuma dukkansu suna da iyaka ɗaya, ɗan aike ne, idan fituwitarin yaro ne baya aiki to ko sau nawa aka ƙwanƙwasa babu mai buɗewa.

Sannan a wajenmu yawancin yaran da basu da tsawo ba ƙarancin wannan sinadarin ke damunsu ba. Akwai gado, akwai abinci, tsutsar ciki, sikila, ciwon ƙoda, matsalar maƙoƙo wato tayirod, akwai kuma yaran da kawai jinkirin balaga ne, sai sun kai 15 ko 16 su miƙe lokaci ɗaya, sau da yawa idan aka tambaya sai a ji babansu ma haka ya yi. Ki kai shi asibitin koyarwa mafi kusa da ke, sashen yara, ki ce kina son a duba girmansa. Za su auna tsawonsa da naki da na babansa, su ɗauki hoton ƙashin hannunsa na hagu don a ga shekarun ƙashi, su yi gwajin jini. Idan kina da katin awonsa na da ki tafi da shi, saurin da yake ƙaruwa a shekara ya fi tsawon yau ɗin faɗa mana gaskiya. Kuma kar ki jinkirta, da zarar bakin ƙashi ya rufe bayan balaga babu allurar da ke ƙara ko inci 1

Maman Ilham:
Nagode Dakta Allah ya biya ka. Babansa ma yace shi sai a aji 4 na sakandare ya yi tsawo, amma zan kai shi in sha Allah ranar Litinin

Dan Kurna:
To ashe nima maganar ƙarin tsawo da mutumin yace min babu kenan, shekarata 26

Hajiya Famasi:
Babu ƙanena, wannan ƙofar ta rufe tuntuni.

Ni kuma abinda ya fi tsaya min a rai duk ba a taɓo shi ba. Muna ta kwatanta ipamorelin da CJC kamar mun tabbata abinda aka rubuta a jikin kwalbar shi ne a ciki. Ka ɗauko ɗaya ka karanta, za ka ga an rubuta da Turanci cewa don bincike ne kawai ba don jikin mutum ba. Wannan rubutun ba ado bane, shi ne mafakar mai sayarwa, ranar da wani abu ya same ka zai ce ai na rubuta. Babu lambar NAFDAC, babu hukumar da ta shiga masana'antar ta duba. Farin gari ne, ko an rage, ko an sa wani abu daban, ko akwai dattin ƙwayoyin cuta a ciki, ido baya gani. Kuma wannan ba ƙwaya bace da za ta bi ta ciki, ƙarƙashin fata kake turawa.

Sai zafi. Feftaid abu ne mai laushi, da zarar an haɗa shi da ruwa firij yake so. Kwalbar da ta kwana a jaka, ta yini a but ɗin mota a zafin Kano na watan Afrilu, ta zo gidan da ake kawo wuta awa 3, me ya rage a ciki? Mu da muke ajiye insulin mun san wahalar da muke sha da janareta da ƙanƙara.

Na uku sirinji. Na sha ganin samari sun zo sayen sirinjin insulin guda 2 su uku. Ciwon hanta nau'in B yana da yawa a ƙasar nan kuma da yawan masu shi basu san suna da shi ba

Ummu Sultan:
Hajiya ita ƙwayar fa MK ɗin, tunda ba allura bace? Ni rama ce ke damuna, na ga ana tallanta a Instagram wai tana sa cin abinci da barci mai daɗi, nace ko ta fi sha ka fashe

Hajiya Famasi:
Yar uwa ita MK-677 ba feftaid bace ma, shi yasa ake iya haɗiyarta, amma ƙofar ghrelin ɗin take bi kuma tana yini guda tana aiki. Kamfanin Merck ne ya ƙera ta, sunanta ibutamoren. Ita kam an gwada ta da ɗan dama. A 2008 an buga gwajin dattawa 65 'yan shekara 60 zuwa 81, bayan shekara 1 nauyinsu ya ƙaru kilo 2.7, wanda ba kitse ba a ciki kilo 1.1, amma ƙarfinsu bai ƙaru ba, sugan safe ya ɗan hau, jiki ya rage jin insulin, wasu ƙafa ta kumbura. Wani gwajin na tsofaffin da suka karye a ƙugu an tsayar da shi kafin lokaci saboda an ga alamun gazawar zuciya ga wasu. Ita ma har yau bata da rajista.

Sha ka fashe kuma ki rabu da shi, yawanci dexamethasone, wani maganin kumburi mai ƙarfi, ake cusawa ciki, fuska ta kumbura ƙafa ta sirance suga ya hau. Idan kina ramewa ba dalili a fara duba dalilin

Bash Istanbul:
Ni dai har yanzu ban gamsu gaba ɗaya ba. Duk misalan ku tsofaffi ne ko marasa lafiya. Kuma akwai bambanci tsakanin zuba homon daga waje da wanda jiki ya fitar, tunda birkin somatostatin yana nan zai tsayar idan ya yi yawa. Ko binciken CJC ya nuna bugu-bugun bai ɓace ba

Dakta Na Zariya:
Wannan hujja ce mai kyau kuma ita ce ta sa tun farko masana suka yi sha'awar magungunan nan. Birki yana nan, gaskiya ne, shi yasa da wuya su kai jini inda allurar homon ɗin kai tsaye ke kaiwa. Amma ka ga wuƙar baki 2 gare ta. Idan birkin ya hana shi yawa ya kuma hana shi yin aikin da kake so. Idan kuma ka matsa har ka ga canji a madubi to ka wuce birkin, illolin ma sun zo. A binciken da ka ambata bugun yana nan, amma tsakanin bugu da bugu inda ya kamata sinadarin ya sauka ƙasa jiki ya huta, ya tashi ninki 7 da wani abu. IGF-1 da hanta ke yi aikinsa ya ce wa ƙwayoyin jiki ku rabu ku ƙaru kar ku mutu, baya tantance mai kyau da marar kyau, shi yasa ake hana mai ciwon daji tesamorelin.

Kan tsofaffi da marasa lafiya, su ne ma ya kamata su fi amfana tunda nasu ya yi ƙasa. Saurayi ɗan 26 fituwitarinsa yana kan ganiyarsa. Dan Kurna ƙarfe nawa kake kwanciya?

Dan Kurna:
Gaskiya Dakta sai wajen 1 ko 1 da rabi, shago nake rufewa 11 sannan waya, asuba kuma na tashi bana komawa. Kuma yanzu da kuke ta maganar suga gabana ya faɗi, mahaifina yana da shi yayarmu ma bara aka gano mata

Dakta Na Zariya:
To kai ne ma na ƙarshen wanda ya kamata ya kusanci abin nan. Sinadarin girma kishiyar insulin ne, yana tura suga sama. Ka je ka auna sugan safe kafin ka ci komai, in da hali a haɗa da HbA1c, gwajin da ke nuna matsakaicin sugan watannin baya, ka turo min sakamakon ta akwatin sirri. Barcin awa 4 kuma ya yi maka kaɗan, ga shi a cikin barci jiki ke sakin babban bugun da kake shirin saye da kuɗi. Ka faɗa min me kake ci a rana, kuma yaushe rabon da ka ƙara nauyin ƙarfen da kake ɗagawa

Dan Kurna:
Koko da ƙosai da safe, rana shinkafa da wake ko taliya, dare duk abinda aka yi a gida. Nama sai jefi-jefi. Ƙarfen kuwa tun kafin azumi kilo 60 nake turawa a benci ban ƙara ba

Sadiq Ƙarfe:
Haba ɗan uwa ai ga matsalar nan. Kuɗin kwalba 1 zai saya maka kiret ɗin ƙwai da kindirmo da awara na kwanaki. Ka zo jim ɗinmu ranar Asabar da yamma in canza maka tsarin, za mu fara ƙara kilo 2 da rabi duk sati 2

Bash Istanbul:
Dakta zan dawo kan maganar GHRP-2, don a Japan tana da rajista da sunan pralmorelin, ina so in ji me zaka ce

Dakta Na Zariya:
Tana da ita, amma ta gwaji ce, allura 1 ake yi a ɗebi jini a ga ko fituwitari yana amsawa, kamar macimorelin, maganin gwaji na sha da aka amince da shi a Amurka a 2017. Yanzu an kira ni ɗakin haihuwa akwai mai suga da za a duba, in na fito zan ƙarasa maka